Na ƙara soda tutiya ta ƙaru a ruwan maimakon ta ragu, ina na yi kuskure?

Mai Kula Da Tanki:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu ilimin kemistiri ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai tun satin da ya wuce. Ina aiki ne a wani ƙaramin kamfani da muke shafa wa ƙarafuna tutiya da kurom, kusoshi da hannun ƙofa da irin su, ni aka ɗora wa kula da ruwan ɗauraya kafin a sake shi waje. Yadda na tarar ana yi shi ne a tara ruwan a tanki a zuba kostik soda a juya, ruwan ya yi fari fari kamar an dama alli, a bar shi ya kwanta sannan a saki na saman. To da sakamakon gwaji ya dawo aka ce tutiya ta ɗan haura ƙa'ida sai na ce bari in ƙara soda tunda ita ce maganin ai, na kusa ninka ta. Wallahi ruwan ya fito garau kamar ka ɗiba ka sha har ina yi wa kaina kirari. Da aka sake kai sampul sai ga tutiyar ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Yanzu oga yana min wani kallo kamar na karkatar da sodar ne ban zuba ba. Me ya faru?

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka ba aljanu ba ne, kuma je ka gaya wa oganka yawan sodar ne ya jawo ba rashinta ba. Farin nan da kake gani idan ka zuba soda, tutiyar ce da ta narke a ruwa ta koma gari, shi ne zai kwanta a ƙasan tanki. Amma tutiya tana da wani hali, idan sodar ta yi mata yawa sai garin ya sake narkewa ya koma cikin ruwan. Wato garau ɗin nan da ka gani kana murna, ita ce ta narke ta ɓuya. Dalma ma haka take, kurom ma haka. Kana da mitar pH kuwa, wato mai auna tsamin ruwa, asid ya sauke lambar soda ta ɗaga ta?

Mai Kula Da Tanki:
Akwai wata Malam amma gaskiya tun da na zo ban ga an taɓa ta ba, da bokiti muke awo

Malamin Kemistiri:
To ga matsalar nan. Ba a yin wannan aikin da bokiti, domin ruwan jiya ba shi ne na yau ba, wata rana asid ya yi yawa a ciki wata rana kaɗan. Kowane ƙarfe yana da inda ya fi son kwanciya. Tutiya wajen pH 9 zuwa 10, jan ƙarfe wajen 9, nikel sai ka kai 10 ko ka ɗan wuce, kadmiyam har wajen 11, shi kuwa kurom tun wajen 8 ya gama kwanciya. Ka ga idan duk suna tanki ɗaya kana gyara wa wannan kana ɓata wa wancan, kamar mai raba gado. Ɗauko mitar ka wanke kanta ka saita ta da ruwan saiti, in ta daɗe a bushe ma ƙila kan ya mutu sai an sauya. Sannan ka jera kofunan gilas shida ka zuba ruwan daidai wa daida, ka kai na farko 8 na biyu 8.5 haka haka har sama, ka bar su su kwanta, ka tace na saman kowanne a kai gwaji. Wanda ya fi kyau shi ne lambarka.

Injiniyar Ruwa:
Malam ya gama magana a kan tutiya, amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne ka ce kuna shafa kurom kuma tanki ɗaya ka ambata. Ƙanina ruwan ɗaurayar kurom ɗin nan wane launi ne, kuma shi ma cikin wannan tankin yake shiga?

Mai Kula Da Tanki:
Ruwan ɗorawa ne Anti, wani lokaci har ya yi kamar ruwan lemo. Eh duka kwata ɗaya suke bi

Injiniyar Ruwa:
Innalillahi. To tutiyar ma ƙaramar matsalarka ce. Kurom iri biyu ne a wannan harkar, akwai mai lamba uku akwai mai lamba shida. Ruwan ɗorawan nan shi ne mai shida, shi ne mugun, yana jawo kansa musamman ga mai shaƙarsa, yana cin fata yana huda cikin hanci, kuma ko buhu nawa na soda za ka juye masa ba zai kwanta ba, zai bi ruwan ya fita abinsa. Dole sai an fara juya shi ya koma mai uku. Ana ware ruwansa a tankinsa daban, a sauke pH zuwa 2 ko 3 da asid, a zuba sodiyam metabaisalfait ko feros salfet, za ka ga da idonka launin ya tashi daga ɗorawa ya koma kore mai shuɗi shuɗi, to a lokacin ne za ka ɗaga pH ya kwanta kamar sauran. Wannan kurom mai shida shi ne aka yi shari'ar garin Hinkley a Kalifoniya a kansa, inda kamfanin PG&E ya biya dala miliyan 333 a 1996 saboda ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Amma tsaya, kafin ka taɓa asid ka amsa min wannan. Wankan tutiyar taku, wato ruwan da kuke tsoma ƙarafunan a ciki don shafa musu tutiya, na sayanaid ne ko ba na sayanaid ba? Je ka duba jarkokin ko ka tambayi mai haɗawa, kar ka yi min kintace. In akwai sayanaid a ciki kuma ya haɗu da asid, iskar da za ta tashi tana kashe mutum a tsaye. Shi sayanaid nasa tankin daban ne, ana kashe shi da bilic a pH sama da 10, ba ya kusantar asid ko kaɗan.

Mai Kula Da Tanki:
Na tambaya, an ce da can na sayanaid ne amma an sauya tun kafin in zo. Gaskiya jikina ya yi sanyi Anti, ban san da wuta nake wasa ba

Ɗan Gajeriyar Hanya:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da yaron nan ne kawai. Mita, tanki uku, kemikal kala kala. In ƙa'ida ta ce kar ya wuce kaza a kowace lita ai sai ya buɗe famfo ya ƙara ruwa mai kyau kafin a ɗebi sampul, lissafi ne fa, shi ke nan an wuce wurin

Injiniyar Ruwa:
Malam wannan ba dabara ba ce ha'inci ne, kuma a dokokin ƙasashe da yawa laifi ne a tsarma ruwa don a ci gwaji. In giram ɗari na kadmiyam ya fita daga bututunka yau to giram ɗari ne ya shiga kogi, ko a lita dubu ka sake shi ko a lita miliyan. Zai je ya kwanta a lakar ƙasan kogi ya jira.

Ɗan Gajeriyar Hanya:
Ai kogin yana tafiya, kuma komai yana ruɓewa da lokaci

Malamin Kemistiri:
A nan ne fa mutane da yawa suke kuskure. Mai da fenti da ƙazantar masai, waɗannan ƙwayoyin halitta suna iya cinye su ko a ƙona su su zama wani abu daban. Amma dalma dalma ce, ba a haɗa ta daga wasu abubuwa ba balle a warware ta. Ka ƙona ta ta bi hayaƙi ko ta zauna a toka, ka binne ta tana nan, ka tafasa ruwan ma ruwa ne zai tafi ya bar ta ta ƙara kauri. Duk abin da muke kira cirewa ɗin nan canja mata wurin zama ne kawai. Kuma adadin da ke cutarwa ƙanƙani ne sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin ruwan sha a miligiram 0.01 a lita ga dalma, 0.01 ga asenik, 0.003 ga kadmiyam, ita dalmar ma sun ce babu wani adadi da aka sani wanda ba ya illa, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Wane ido ne zai ga 0.003?

A Japan akwai kogin Jinzu a yankin Toyama, kadmiyam daga ma'adinan Kamioka ya bi ruwa ya shiga gonaki, mutane musamman mata manya ƙodarsu ta lalace ƙashinsu ya yi laushi yana karyewa, tsabar kukan zafi aka sa wa cutar suna itai-itai. Gwamnati ta amince da sanadin a 1968, amma aikin sauya ƙasar gonakin sai 2012 aka gama. Kogin yana tafiya ɗin ne duk tsawon shekarun nan.

Ɗalibar Digiri Na Biyu:
Slm, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni a kan wannan nake bincike na, amma da abubuwan da ake zubarwa, ɓuntun shinkafa da garin katako da gawayin da aka gyara. A gwajin da na yi a kwalba garin gawayin ya zuƙe kusan duk dalmar da na sa, har na ɗauka mitar ce ta lalace. Ina ganin ƙananan kamfanoni irin nasu wannan ya fi musu, ba sai sun dogara da kemikal ba. Akwai ma tsirrai, wani ganye mai suna Pteris vittata da aka gano a Jami'ar Florida aka wallafa a 2001 yana tara asenik a jikinsa sosai, kainuwa ma tana zuƙar ƙarafa daga ruwa

Injiniyar Ruwa:
Ƙanwata Allah ya ba da sa'a, kuma ba ina kashe miki gwiwa ba ne, amma bari in tambaye ki. Ruwan da kika gwada ke kika haɗa shi ko daga kwatar kamfani kika ɗebo?

Ɗalibar Digiri Na Biyu:
Ni na haɗa Anti, ruwan da aka tace da gishirin dalma

Injiniyar Ruwa:
Yawwa. Ranar da kika ɗebo na gaske za ki ga bambanci, domin shi yana zuwa da mai da sabulu da gishiri da kalsiyam da ƙarafa biyar a lokaci guda duk suna rububin gurbi ɗaya a jikin gawayin, wani ma akwai amoniya ko wani kemikal mai suna EDTA a ciki da suke riƙe ƙarfen gam su hana shi kama komai, ko soda ba ta kwantar da shi yadda ya kamata. Takardun bincike a kan ɓawon kaza da ɓuntun kaza sun cika intanet amma ki nemi kamfanonin da suke gudu a kansu kullum ki ƙirga. Inda nake ganin yana da amfani shi ne a ƙarshe, bayan an kwantar da mafi yawa, a bi da ragowar ta cikinsa ya share. Nan ne ma ake sa resin mai musayar ayon, wasu 'yan ƙwayoyi masu kama ƙarfen da ya narke, ko a tura ruwan ta matatar RO mai tace ruwa da matsi, ita ma RO ɗin ruwa biyu take fitarwa, mai kyau da kuma wani ɗan kaɗan da duk ƙarfen ya taru a ciki. Sannan tambaya ta biyu, gawayin da ya ƙoshi da dalma ina kika kai shi?

Ɗalibar Digiri Na Biyu:
Hmm yana cikin leda a ƙarƙashin benci na, gsky ban yi tunanin wannan ba tukuna

Tsohon Majemi:
Hhhh 'yata kin faɗi gaskiya, kuma ba ke kaɗai ba ce. Tun ɗazu nake karanta ku ina jiran wanda zai taɓo wannan. Na yi shekaru a kamfanin jima kafin gwiwa ta ajiye ni. An kawo mana injina masu kyau, tankin kwantarwa, alif, folima mai yauƙi da ke dunƙule garin, har da injin matse laka da ke fitar da ita kamar faifai faifai kore shar. Ruwanmu yana cin gwaji, baƙi su zo a nuna musu a kwalba a yi hoto. Lakar fa? Bayan katanga ake jibge ta a fili. Rani ta bushe iska ta kwashe, damina ta zo ruwa ya wanke ta ya kai ta cikin rafin nan dai da muka kashe kuɗi don kar mu ɓata. Na taɓa tsayawa ina kallon koren ruwa yana bin gindin katanga ya wuce ta gefen bututunmu mai tsabta, su haɗu a gaba kaɗan. Tsugune ba ta ƙare ba an sayar da kare an sayi biri.

Don haka yaro, kai mai tanki, wanda ya kwanta a ƙasan tankin naka ina kuke kai shi?

Mai Kula Da Tanki:
Baba wallahi kamar kana wurin. Duk wata ake kwashewa da shebur a zuba a durom, in sun cika wata mota ta zo ta ɗauka, ban taɓa tambayar inda take kaiwa ba

Tsohon Majemi:
To ka tambaya. Ba don ka yi rigima da kowa ba, don ka sani.

Malamin Kemistiri:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Ko garin Minamata na Japan da kowa ke ambata, labarin ƙarshensa labarin laka ne. Kamfanin Chisso ya yi ta sakin ruwa mai zaiba a cikin teku, aka gano cutar a hukumance a 1956, kyanwoyi suna haukacewa suna faɗawa ruwa, masunta da iyalansu jijiyoyinsu suka lalace, har jarirai aka haifa da ita, ba a daina ba sai 1968. To da aka zo gyara me aka yi? Yashe lakar ƙasan tekun aka yi aka tara ta a wani ɓangare na gaɓar aka killace aka rufe da ƙasa, aikin ya kai 1990, yanzu wurin shaƙatawa ne a kai. Zaibar tana nan a ƙarƙashi, an dai ɗaure ta ne. Yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka sa wa hannu a 2013 sunan garin aka ba ta.

Abin da ya kamata a yi da irin lakar nan shi ne a matse ta, a gauraya da siminti ko laim ta daskare, a gwada a ga ko ruwa mai ɗan tsami zai iya sake fitar da ƙarfen, sannan a binne a ramin da aka shimfiɗe da yumɓu da roba mai kauri ana kuma tara ruwan da ke tsatsowa. A Amurka gwajin nan TCLP suke ce masa, in dalma ta kai miligiram 5 a lita a ruwan gwajin to sharar ta shiga layin masu haɗari. Kuma tara ta da yawa a jiƙe ma wani bala'in ne, a Sifen a 1998 madatsar sharar ma'adinai ta Aznalcóllar ta fashe laka mai asid da ƙarafa ta bi kogi har kusa da gandun dajin Doñana.

Ɗan Gajeriyar Hanya:
To in haka ne ai duk aikin banza ne kenan, an gudu ba a tsira ba. Na ji ma an ce salfaid ya fi soda kama ƙarfe, me ya sa ba za a yi da shi ba a huta

Injiniyar Ruwa:
Ba banza ba ne Malam, ƙarfen da ke cikin durom goma a rufe ka san inda yake, wanda ya bazu a kogi da rijiyoyi wa zai tattaro shi? Salfaid kuma gaskiya ne ya fi kamawa, yana sauke ƙarfe ƙasa da inda soda ke iya kaiwa, amma in pH ya faɗi yana sakin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake sai dai a ga mutum ya zube. A wurin da ake awo da bokiti ba zan ba da wannan shawarar ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Inda ake da kayan aiki ana yi, a Budel ta ƙasar Holan akwai matatar tutiya da tun shekarun 1990 take amfani da ƙwayoyin bakteriya suna samar da salfaid ɗin, tutiyar da ta kwanta a mayar da ita cikin tukunyar narkawa.

Tsohon Majemi:
Wannan mayarwar ita ce ni na gani da idona ta yi aiki. Daga baya wani injiniya ya zo ya ce mu daina haɗa ruwan jimar kurom da sauran ruwa. Fata ba ta shanye kurom ɗin duka, kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita a ruwa. Sai aka ware shi aka riƙa zuba masa magnisiyam oksaid ya kwanta ya yi laka mai nauyi, a tsiyaye na sama, a narkar da lakar da salfurik asid a mayar cikin ganga a jeme wata fatar da shi. Mai kamfani da bai taɓa damuwa da rafi ba sai ga shi yana zuwa da kansa yana leƙa tankin, saboda buhunan kurom da yake saya sun ragu. Amma fa sai ruwan bai gauraya da komai ba, in ya gauraya ya zama shara.

Injiniyar Ruwa:
Haka yake a wurin su mai tanki ma. Ƙanina ka lura da masu ciro kaya daga wanka, in suna fizgowa da sauri suna jefawa a ruwan ɗauraya to rabin matsalarka daga nan take. Su riƙe shi sama da tankin ya ɗiɗɗige tukuna, a sa tankin ɗauraya na farko wanda ba ya gudu a riƙa mayar da ruwansa cikin wankan, sauran ɗaurayar kuma ruwa ya riƙa tafiya kishiyar kayan, mai tsabta ya shigo daga tanki na ƙarshe. Ruwan da za ka yi wa magani zai ragu sosai, laka ma haka.

Ɗalibar Digiri Na Biyu:
Anti in na samu ruwan kamfani na gaske yaya zan ajiye sampul ɗin kafin in kai ɗakin gwaji? Injin AAS ɗinmu na auna ƙarafa layi ake bi

Malamin Kemistiri:
Robar da aka wanke da asid, ki ɗiga naitirik asid har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin robar ki samu sakamako mai daɗin ji na ƙarya. In wanda ya narke kawai kike nema ki tace kafin ki sa asid. Amma na kurom mai shida ba a sa masa asid, robarsa daban kuma a kai shi da wuri. Kuma ki tabbatar babu sayanaid a ruwan kafin ki ɗiga komai.

Mai Kula Da Tanki:
Jama'a na dawo. Kan mitar ya mutu kamar yadda Malam ya ce, an sayo sabo. Da na auna irin haɗin da na yi ranar nan pH ya wuce 12, kunya kamar in nutse. Na yi gwajin kofuna shida, na 9.5 ne ya fi, oga ya ga takardar ya daina min kallon ɓarawo har ya yarda a ja wa ruwan kurom bututunsa daban, amma ya ce tankin sai wata mai zuwa, kafin nan a durom muke tara shi ba ma saki. Na kuma tari direban motar nan na tambaye shi inda yake kai lakar, ya yi dariya ya ce in tambayi wanda ya aiko shi. Anti akwai wata takarda da ya kamata su riƙa ba mu in sun ɗauka ne, ko haka ake yi ko'ina?

Injiniyar Ruwa:
Akwai, takardar rakiya ce mai nuna nauyin da aka ɗauka da wanda ya ɗauka da inda aka sauke, wurin da ya karɓa ya sa hannu kofi ya dawo muku. Duba fayil ɗin ofis ka gani ko an taɓa dawo da ko guda ɗaya, in ka samu turo min hotonta ta inbox ka rufe sunayen.